Yadda na sayi besfar da kamfaninta ya rufe

Tun da abokai suka fara ganina a kan besfa ake ta tambayata ina na samo ta, nawa na saya, har wani ya ce in raka shi ya nemo irinta. Shi ya sa nace bari dai in zauna in rubuta yadda abin ya kasance tun daga farko, don ni da na samu wanda ya yi min wannan bayanin da ban yi kusan sati 7 ina yawo tsakanin gareji da kotu da gidan mutane ba.

Abin da ya kai ni neman abin hawa kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya zama wani abu daban, ni kuma a Kano ina zaune a Rijiyar Lemo aikina yana Sharaɗa, adaidaita biyu zuwa biyu dawowa, ranar da aka yi rashin sa'a uku. Da na zauna na yi lissafi sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina a hanya yake ƙarewa. Na ɗauki adashina dubu 400 na je wajen 'yan babura da ƙarfin gwiwata, ashe Boxer sabo ya haura miliyan, na hannu ma mai ɗan kyan gani sai ka ji ana kiran dubu 600 da wani abu, kuma yawancinsu an gama more su a ƙauye da ɗaukar buhuna. Na dawo gida jiki a sanyaye. Bayan ƙaramar sallar 2024 ne wani dillali da na bar wa lambata ya kira ni yace Malam akwai wata besfa a cikin gari, ta wani malamin makaranta ce da ya rasu, magada ke son sayarwa, in kana so ka zo yau don akwai mai zuwa gobe. Wannan "akwai mai zuwa gobe" ɗin ku riƙe ta, ban taɓa ganin dillalin da bai faɗe ta ba.

Na same ta a zaure an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, ruwan toka ce, kujerar ta tsage an ɗaure da robar tiyub, ga ƙura kamar an tono ta. Amma wallahi ina ganinta zuciyata ta tafi, saboda mahaifinmu Allah ya jiƙansa besfa ya hau har ya yi ritaya, a gabansa nake tsayawa in riƙe kan babur yana kai ni firamare. Babban ɗan marigayin ya zuba mata mai kaɗan daga gora, kik na huɗu ta tashi da wannan ƙarar tata, hayaƙi ya cika zauren. Suka ce dubu 380. Saura ƙiris in ba da kafin alƙalami a take, hannuna har ya shiga aljihu, sai nace bari in kira yayana tukuna. Tambaya ɗaya ya yi min, yace wa zai dinga gyara maka ita? Na yi shiru don ban ma yi wannan tunanin ba. Nace musu su ba ni kwana uku.

Kwana ukun nan a neman bakanike suka ƙare. Na farko wanda ke bakin layinmu dariya ya yi yace Malam mu Boxer da Lifan muka iya, wannan ai sai tsofaffi. Na biyu yace zai iya amma da na tambaye shi ta ina ake zuba mata baƙin mai sai ya fara kame-kame, nan na gane da babur ɗina zai koyi aiki. Na uku ne ya kwatanta min wani dattijo a wani lungu, yace in ba shi ba to babu. Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, gawarwakin besfa kusan shida a jingine a bayansa, ya haura shekara 70, ba yaro ko ɗaya a wajen. Na gaishe shi na faɗa masa abin da ke tafe da ni, yace ba ya saya wa mutum abin hawa da baki, in ɗauke shi mu je da sassafe, kuma in gaya wa masu ita kada wanda ya tayar da ita kafin mu iso, don inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Dubu 5 muka yi da shi na dubawa, har na ɗan ji zafin kuɗin a lokacin.

Muna shiga zauren, ko taɓa ta bai yi ba yace ɗana wannan ai ba 'yar Italiya ba ce, 'yar Indiya ce. Ya goge ƙurar gaban da hannun rigarsa sai ga LML a rubuce. Ni duk abin da ke da wannan siffar besfa nake ce masa, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu omo. Daga baya da daddare na zauna da waya na bi diddigi. Ainihin Vespa kamfanin Piaggio na Italiya ke yin ta tun 1946, samfurin da muka fi sani mai giya huɗu a hannu kuma shi ne PX da ya fito a 1977. Shi LML kamfani ne a garin Kanpur na Indiya, da izinin Piaggio ya fara ƙera irinta tun shekarun 1980, suka raba gari a 1999 amma ya ci gaba da yin tasa, har ya durƙushe ya daina aiki a 2017. Ita kanta PX ɗin ta Italiya an daina yin ta saboda dokokin hayaƙi na Turai sun yi wa inji irin nata tsauri. Wato abin da nake shirin zuba adashina a kai, masana'antar da ta yi shi a rufe take, uwar da aka kwaikwaya ma an daina haifar irinta. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Amma bari in koma kan dubawar don nan ne na koyi abu. Baba bai fara da inji ba, kwanciya ya yi a ƙasa ya leƙa ƙarƙashin inda ake ɗora ƙafa yana ƙwanƙwasawa da sukundireba. Yace besfa ba kamar sauran babura ba ce masu ƙashin ƙarfe a ciki, ita bodin nata shi ne ƙashinta, in tsatsa ta cinye ƙasan ko ta taɓa yin haɗari ta lanƙwashe to ko sabon inji ka sa mata aikin banza ne. Ya tsaya ta baya ya rufe ido ɗaya yana duba ko tayar gaba da ta baya sun yi layi. Ya cire murfin gefen dama inda injin yake, ya kankare wajen lambar bodi ya sa na rubuta, ya nuna min ta inji ita ma na rubuta. Ya kwance fulogi ya kalli bakinsa, ya buɗe wajen man giya ya shafa a yatsa ya sansana yace akwai warin fetur, sil, wato robar da ke hana mai yoyo a cikin inji, ya tafi, shi ya sa hayaƙin ya yi yawa. Sannan ya hau ya zaga unguwa, ina jin ƙararta tana nisa tana dawowa, ya dawo yace giya ta uku tana fita da kanta in an ba ta wuta, akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da kuros a cikin giyar da ya cinye. A gaban masu ita bai ce komai ba sai Allah ya jiƙan Malam, ya riƙe abinsa da kyau. Sai da muka fito yace bodin lafiya lau, ba walda ba tsatsa, injin kuma na gyaruwa ne, amma kada in biya ko sisi sai na ga kayan gyaran da idona. Na tambaye shi Baba kamfanin da ya rufe ina za a samu kayansa? Yace yawancin kayan 'yar Italiya suna shiga 'yar Indiya, kuma har yanzu akwai masu ƙera su, matsalar ita ce wa zai kawo su Kano tunda masu hawa sun ƙare.

Ya yage gefen wani kwali ya sa na rubuta abubuwa tara. Na yi kwana biyu ina yawo da kwalin nan tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Fulogi da boris da wayar kuloci da wayoyin giya biyu ban sha wahala ba, taya ma mai lamba 3.50-10 na samu. Ringi sai a shago na biyar, shi ma mai shagon sai da ya hau kan benci ya sauko da wani kwali da gizo-gizo ya yi wa saƙa. Sil da kuros ɗin giya kuwa babu, duk wanda na nuna wa sai ya girgiza kai, wani ma yace Alhaji ka sayi na zamani mana ka huta. Ƙarshe wani ɗan kasuwa ya kira ɗan'uwansa a Legas aka ce akwai, a ba shi kwana uku, kwana ukun da suka zama takwas. Na ba da dubu 6 na ajiya a kan kayan babur ɗin da ban ma saya ba, nace in ta ɓaci asarar dubu 6 ta fi ta dubu 380 sauƙi. A cikin kwanakin nan dillali ya kira ni ya fi sau goma, mai zuwa goben nan kuma har yau bai zo ba.

Ranar da kayan suka iso na zauna da maman yara muka yi lissafi a bayan littafin makarantar yaro. Abin da ke hana ni a fili yake. Ta fi Boxer shan mai, kuma irin injinta dole ka haɗa fetur da wani man inji da ake kira 2T, kusan mil 20 a kowace lita, wani kuɗin ne daban. Ranar da na so sayarwa ba kowa zai taya ba. In ta mutu min a hanyar Zariya ba bakaniken bakin titi da zai taɓa ta. Mai gyaran kuma mutum ɗaya ne tak na sani, tsoho, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da ke ja na kuma, kuɗina ya kai, tana da safaya taya a gefen hagu wadda ke shiga gaba da baya, babbar riga ba ta shiga sarƙa don ba ta da sarƙar ma, ruwan kwata ba ya fallatso maka a ƙafa, ɓarayin babur ba su cika kallonta ba, sannan tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 mai Boxer ya fi mai besfa shan tambaya a hanya. Maman yara tace kai dai faɗi gaskiya babanka kake tunawa, nace har da wannan. Tace to wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, in ka saya kada ka zo kana min ƙorafi.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Da na koma nace a kawo takardu sai aka fito min da wata leda, a ciki akwai tsohon lasin da ya ƙare shekaru da dama da wata inshora da ta zama ruwan ƙasa, rasit na asali babu, an ce ya ɓata lokacin da ruwa ya shiga ɗakin. Ina cikin juya takardun sai na ji daga cikin gida wata mata tana cewa ita fa ba a yi shawara da ita ba. Ashe ba a raba gadon ba, magada tara ne har da ƙaramin yaro, ɗaya kuma yana Kaduna bai ma san ana cinikin ba. Nan na tsaya cak. Dillali yana ta cewa Malam ba komai ai babban wa uba, nace a'a, dukiyar marayu ce ba zan hau ba sai kowa ya yarda. Na nemi izini na gaishe da Hajiya ta bayan labule nace Hajiya ni ba na son abin da zai dawo, a kira kowa. Tace Allah ya yi maka albarka ɗan nan, dama abin yana damuna. Sati biyu cur na jira kafin na Kaduna ya zo.

A ƙofar gidan mai unguwa aka zauna bayan la'asar, da limamin masallacinsu da ƙanin marigayin wanda shi ke tsaya wa ƙaramin yaron. Nan na kawo maganar gyaran da Baba ya lissafa, na nuna kayan da na sayo da rasit ɗinsu, na taya dubu 300 aka ce albarka, aka yi ta ja har mai unguwa ya sa baki aka sallama a dubu 330. Aka rubuta takardar ciniki da lambar bodi da ta inji da lambar babur, manyan magada duk suka sa hannu, Hajiya aka kai mata ciki ta dangwala yatsa, shaidu biyu nawa biyu nasu, mai unguwa ya buga hatimi. Ta banki na tura kuɗin don ya zama akwai shaida, dillali na ba shi dubu 10 la'ada yana ta ƙunƙuni.

Washegari ni da babban ɗan muka je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa rasit ya ɓata kuma babur ɗin na mahaifinsu ne. Mun isa ƙarfe 9, mai buga takarda bai zo ba sai 11, mai sa hannu kuma yana wani zama, sai bayan azahar muka fito, dubu 3 da hoton fasfo biyu. Daga nan ofishin 'yan sanda don a ba mu takardar shaidar ɓatan rasit a kuma duba ko an taɓa kai rahoton sata a kan lambobin, aka ce mu dawo da babur ɗin kansa su gani, dole na ɗauko shi a bayan a-kori-kura don giyar ba ta da tabbas. Abin da na kashe ranar da kuɗin ɗauko shi ya kai dubu 9. Sai ofishin da ake canjin mallaka da lamba, wanda shi ya fi cin raina. Tun daga bakin ƙofa masu "kawo in yi maka" suka yanyame ni, na ƙi kula su na shiga ciki na tambayi ma'aikaci da kaina. Ana buƙatar takardar cinikin, takardar rantsuwa, ta 'yan sanda, tsofaffin takardu, katin ɗan ƙasa da hoto. Ranar farko aka ce ba netwok. Rana ta biyu aka karɓi takardun, mai duba abin hawa ya fito ya leƙa lambar bodi sai yace ba ta yi daidai da ta takardar ciniki ba, mun rubuta 3 a inda yake 8, fenti ne ya cike rabin lambar. Gabana ya faɗi don na ɗauka za a ce na sata ne. Allah ya taimake ni a tsohon lasin marigayin 8 ɗin ce, amma duk da haka sai da na koma aka sake rubuta takardar ciniki aka sake bin mutane suna sa hannu, na Kaduna sai a mota aka aika masa ya sa ya dawo da ita, aka kuma sake takardar rantsuwa. Kwana goma lamba ɗaya ta ci min. Da aka gama na biya dubu 32 har da sabuwar lamba saboda tata tsohon yayi ce, inshora dubu 3, aka ba ni rasit nake yawo da shi kafin lambar ta fito bayan sati uku.

Gyara a wajen Baba kwana huɗu ya ɗauka, ya raba injin biyu a kan buhu, ya jera kowane ƙarfe a cikin murfin bokiti yana wankewa da fetur, ni kuma in na tashi aiki sai in zo in zauna ina kallo. Kaya da kuɗin aiki da sabuwar kujera sun tashi dubu 70. In aka haɗa komai har da kuɗin zirga-zirga na kashe kusan dubu 470, sai da yayana ya cika min. Don haka duk wanda ya ji na ce dubu 330 na saya, to ba nan lissafin ya tsaya ba.

Mai son bin wannan hanyar, ga abin da zan ce masa. Ka fara nemo mai gyara kafin ka nemo babur, ka je garejinsa ka ga irin naka a kwance a gabansa, ba wanda zai ce maka "zan iya" ba. Ka karanta sunan da ke jikin abin da kyau ka bincika irin wanne ne kayansa ke shiga, don kamfani ya rufe ba shi ke nufin kaya sun ƙare ba, wani kuma kamfanin na nan da ransa amma kayan samfurin sun ɓace. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don gyara da takardu. In na mamaci ne ka tambaya an raba gado ko ba a raba ba tun ranar farko, kafin ka ƙwallafa rai. Lambar bodi kuma ka kankare ta tas ka ɗauki hotonta ka gwada da tsofaffin takardu kafin a rubuta komai. In kuma sana'a za ka yi da shi ko kullum kana kan doguwar hanya, gaskiya ban ba ka shawara ba, ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi wanda kowane lungu akwai mai gyaransa.

Yanzu wata na 7 ke nan a kanta. Sau biyu ta tsayar da ni, ɗaya fulogi ne, ɗaya kuma wayar kuloci ce ta tsinke min a wajen Kabuga da tsakar rana na tura ta har na jiƙe sharkaf. Tun daga ranar Baba ya sa na zauna ya koya min canza wayar da hannuna, sau uku yana sa ni ina cirewa ina mayarwa yana cewa ɗana ba kullum za ka same ni ba. A akwatin gabanta yanzu akwai wayar kuloci ɗaya, wayar giya ɗaya, fulogi biyu, sifana da 'yar gorar man 2T da na yi wa zane da biro a daidai awon lita uku. Satin da ya wuce ma ya nuna min wata gawar 'yar Indiya a bayan rumfarsa wadda bodinta ya ruɓe amma injin na nan, yace dubu 45 zai bar min in ajiye saboda gaba, nace masa Baba a bari a yi albashi.